Masu cewa za a yanka mu a Dutsen Kagoro, ku zo mu yi magana

Jama'a, wannan rubutun yana da tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi zuwa dare.

Kwana huɗu ke nan ana ta ce-ce-ku-ce a guruf-guruf ɗinmu saboda wasu ɗalibai sun kawo shawarar a haɗu bayan jarrabawa a hau Dutsen Kagoro da ƙafa, a kwana a can, washegari a sauko a biya ta ruwan Matsirga. Shawara ce kawai, ko kuɗin mota ba a fara tarawa ba. Amma ku ga abin da ya biyo baya. Wani ya ce duk wanda ya je sai dai a dawo da gawarsa. Wani ya ce wannan aikin Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗin Abuja. Wani ya ce hanyar lalata ce aka saka mata sunan motsa jiki. Wata kuma ta turo hoton gawarwaki, wanda ita kanta ba ta san a wace ƙasa aka ɗauke shi ba, ta rubuta "ga abin da ke jiranku."

Ni ina bayan tafiyar, kuma zan faɗi dalili. Masu shirya ta ma ina da magana da su a ƙasa, kada su yi saurin yi mini tafi.

Tambayar da zan fara da ita: kai da ka fi kowa ɗaga murya, ka taɓa zuwa Kagoro? Daga Kafanchan tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Akwai ɗaliban da suka yi shekara uku, huɗu suna karatu a wannan yanki, ko a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ko a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko makarantar koyon jinya, amma abin da suka sani a ƙasar bai wuce tasha, aji, ɗakin kwana, wurin mai shayi da masallaci ko coci ba. Kullum da safe dutsen nan yana tsaye a gabansu, ba su taɓa tambayar sunansa ba. Ranar da aka gama jarrabawar ƙarshe, jakarsu na kan kafaɗa tun kafin a karɓi takarda. Sai mutum ya koma Funtuwa ko Gusau ko Haɗeja a tambaye shi yaya Kudancin Kaduna take, ya gyara zama ya fara ba da labarin da shi ma a WhatsApp ya ji. Wannan abin kunya ne ga wanda ake kira ɗalibin ilimi.

Bari in gaya muku abin da kuke wucewa ba ku kallo. Dutsen Kagoro yana ƙaramar hukumar Kaura, tsayinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku, kuma har yau akwai mutanen da ke zaune a samansa, suna noma, suna saukowa kasuwa da kaya a ka ta hanyar da mu muke kira "kasada". Duk ranar 1 ga Janairu mutanen Kagoro na bikin Afan, bikin kammala girbi da buɗe farauta, kuma kalmar afan ɗin kanta dutse take nufi a harshensu. Sarkinsu marigayi Gwamna Awan ya hau mulki a 1945 ya rasu a 2008, shekara sittin da uku a kan gado. Sarakuna nawa ka sani a ƙasar nan da suka kai haka? Ruwan da ke fitowa daga duwatsun shi ne yake gangarowa ya zubo a Matsirga, kusa da Madakiya, daga tsayin da ya kusa mita 30. Idan ka nausa wajen Kwoi kuma, ga ƙauyen Nok a ƙaramar hukumar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu da aka samu a Jama'a, daga nan duniya ta fara jin sunan Nok. Yau ana karanta tarihin Nok a jami'o'in Jamus da Ingila, wani kuwa a cikinmu ya haddace shi don ya ci jarrabawar kwas ɗin gama-gari, bai san motar haya za ta kai shi wurin ba.

To mu ɗauki maganganunku ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa aikin Turawa ne, wallahi ku kuka fi ba ni mamaki. Bahaushe ne za a koya wa tafiyar ƙafa da kwanan daji? Kakanninmu fatake daga Kano suke tashi su nufi Gwanja sayen goro, wata da watanni suna tafe da jakuna, ga madugu, ga jagaba a gaba yana duba hanya, inda rana ta faɗi a yada zango. Unguwannin da ake kira Zango a Gana da Togo har yau, daga ina kuke jin sunan ya fito? Alhazan da suka tafi Makka ta Chadi da Sudan a ƙafa, wasu shekaru suka yi a hanya. Bafulatanin da ke kora shanu zuwa mashekari, mafaraucin da ke kwana bakwai a dawa, ɗan cirani, almajirin da ya bi malaminsa gabas, duk a ƙasa suke kwana, sama ce rufinsu. Garuruwanmu ma a gindin duwatsu suka tashi: Dala a Kano, Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, Kwatarkwashi a Zamfara. Abin da Bature ya ƙara kawai jaka mai zif ce da takalmi mai tsada. Mu ne muka bar gadon, muka koma kan katifa muna danna waya, har matashi ɗan shekara ashirin da biyu yana haki idan ya hau bene hawa biyu zuwa ɗakin lacca. Idan an kai ka sansanin bautar ƙasa, soja zai tashe ka da asuba ya kora ka tattaki, ba za ka ce masa aikin Turawa ne ba.

Masu maganar kuɗi, ku ji tsoron Allah. Lissafa abin da kuke kashewa a makon bankwana na 'yan ajin ƙarshe: anko, farar riga da za a ɓata da maka, mai hoto, liyafar dare, kwalliya. Tafiyar nan me take buƙata? Kuɗin mota zuwa Kagoro, tabarma, bargo, gidan sauro, tocila, ruwa, garin kwaki da ƙuli, dabino, sai ɗan abin da za a haɗa a sallami ɗan jagora. Wanda ke sayen data kowane mako don ya kalli wasu suna yawo a Dubai bai isa ya ce wannan almubazzaranci ne ba.

Masu maganar tarbiyya, maganarku tana da tushe, amma kun ajiye ta a inda ba wurinta ba. Wanda ya yi niyyar ɓarna ba ya buƙatar hawan dutse na sa'o'i da kaya a baya, cikin gari ya fi masa sauƙi, kuma duk mun san haka. Gyaran a bayyane yake: maza wurin kwanansu daban, mata daban, da babbar mace a tare da su, kuma duk wadda za ta je da sanin iyayenta. Idan 'yan uwa mata sun fi son su shirya tasu su kaɗai, su hau da safe su sauko kafin la'asar, wannan ma daidai ne. Salla kuwa ba ta taɓa hana Musulmi tafiya ba, hukuncin matafiyi kowa ya karanta shi tun a Islamiyya. A kauce wa Lahadi saboda abokanmu masu zuwa coci, a kauce wa Juma'a saboda masu zuwa masallaci. Ana hutu, ranakun mako ba su ƙare ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce saboda ana zargin mutum biyu, sai a ɗaure mutum talatin a ɗaki.

Yanzu babbar maganar, tsaro. A nan ba zan yi wa kowa daɗin baki ba, domin an zubar da jini a ƙasar nan, kuma ba sau ɗaya ba. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, na Zangon Kataf a 1992, abin da ya faru a Zonkwa da Kafanchan bayan zaɓen 2011. A ƙasar Kagoro kanta, a watan Maris 2022 an kai hari Agban an kashe sama da mutum 30, a Disambar shekarar kuma aka afka wa Malagum. Masu satar mutane ma ba su bar ɗalibai ba: Afaka a Maris 2021, Greenfield a Afrilun shekarar, Kuriga a Maris 2024. Har masu binciken Nok ɗin da na ambata, a Fabrairun 2017 an sace Jamusawa biyu a wajen Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko, aka kashe mutanen gari biyu da suka bi sawu don ceto su. Uwar da ta ce wa ɗanta kada ya je, ba ni da abin da zan ce mata sai Allah ya saka da alheri, kuma ɗan ya bi maganarta.

Amma kai ɗan uwana ɗalibi, dubi jerin nan da kyau. 'Yan Afaka a ɗakin kwanansu aka ɗauke su. 'Yan Greenfield a cikin makaranta. Yaran Kuriga da safe, ana shirin shiga aji. Ba wanda ya hau dutse a cikinsu. Idan ƙa'idarka ita ce duk inda aka taɓa kashe mutum ba a zuwa, to ka daina bin hanyar Kaduna zuwa Abuja, ka daina bin Funtuwa zuwa Gusau, ka daina zuwa ƙauyenku sallah. Ba ka daina ba. Abin da kake yi shi ne ka tambayi direba, ka kira wani a can, ka tashi da wuri, ka kauce wa dare. Wato a hanyar garinku kana aiki da hankali da labari mai tushe. Me ya sa da an ambaci Kagoro sai ka ajiye hankalin ka ɗauko hoton gawa?

Amsar ba ta da daɗin ji. Da yawanmu ba ɗan bindiga muke tsoro a Kagoro ba, mutanen Kagoro muke tsoro. An raine mu da labarin cewa daga ka wuce Kachia ka shiga ƙasar maƙiya. Su ma an raini 'ya'yansu da irin wannan labarin a kanmu: akwai abokan karatunmu 'yan Kaura da Zangon Kataf da Jaba da ba za su yarda su kwana a Tudun Wada ta Zariya ko cikin birnin Kano ba, ko da kyauta za a ba su masauki. Kowane ɓangare yana da matattunsa da yake lissafawa, kuma kowanne ba ƙarya yake yi ba. Ga mu a aji ɗaya, muna kwafar aikin gida a wurin juna, muna cin abinci a buka ɗaya, amma ba wanda ya taɓa ganin mahaifiyar wani. Irin wannan zaman, ƙaramar jita-jita ta ishe shi ya kama da wuta.

Ku tuna inda rikicin 1987 ya fara. A harabar kwalejin horar da malamai ta Kafanchan ne, tsakanin ɗalibai, kan wa'azi. Cikin 'yan kwanaki wutar ta isa Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. 'Yan makaranta irinmu ne suka kunna ta, mutanen da ba su san hawa ba balle sauka suka biya da rayukansu da dukiyarsu da wuraren ibadarsu. A ranar 23 ga Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Kachia da Sanga suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Dattawa sun yi nasu a takarda. Takarda kuwa ba ta hana komai idan waɗanda za su gaje su ba su san juna ba, kuma bayan ta an ci gaba da kashe-kashe. Nan da shekara goma sha biyar, mu ne malaman makaranta, mu ne ma'aikatan jinya, 'yan sanda, kansiloli, limamai da fastoci a jihar nan. Wanda ya taɓa kwana a ƙauyen abokinsa, uwar abokin ta ɗumama masa ruwan alwala da asuba ta ba shi kunun acca, ranar da aka turo masa saƙon "sun fara kashe mu" zai fara kiran abokin nan kafin ya tura wa guruf goma. Wannan kiran waya ɗaya na iya tsayar da abin da motar sojoji ba ta tsayar ba.

Shi ya sa nake cewa a kwana. Wanda ya zo da rana ya ɗauki hoto ya juya, dutse kawai ya gani. Sai dare ya yi, an hura wuta, sanyi ya sauko, an rasa sabis a waya, sannan ake hirar da ba a yi a aji. A nan za ka ji yadda aka ƙone gidan su wane, shi ma ya ji yadda kawunka ya fita kasuwa a 2011 bai dawo ba.

To ku kuma masu shiri, ku matso. Na ga wani a cikinku yana rubuta cewa "ba ma buƙatar izinin kowa, ƙasarmu ce." Wannan wauta ce, kuma irinta ce ke ba masu tsoratarwa hujja. Dutsen yana da masu shi. A watan Yunin 2025 wasu 'yan ɗaurin aure daga Basawa ta Zariya suka ɓata hanya a ƙaramar hukumar Mangu ta Filato da yamma, a yankin da ke cikin zaman ɗar-ɗar, aka far musu, aka kashe sama da mutum goma. Ba su yi laifin komai ba, Allah ya ji ƙansu. Darasin da ke ciki mai ɗaci ne: a wurin da aka sha kai wa hari, baƙuwar fuska da duhu abin tsoro ce. Ku yi tunanin mutanen da aka taɓa afka wa da dare su hango tocila ashirin a kan dutse, suna jin ana Hausa, ba wanda ya sanar da su. Me kuke so su ɗauka?

Don haka idan da gaske kuke, ga yadda madugu yake yi. Da ɗan gari akan ci gari: abokan karatunmu 'yan Kagoro su ne za su shige gaba, su kai ku gaisuwa wurin mai unguwa da hakimi tun makonni kafin ranar, a faɗi adadinku da inda za ku kwana. A sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da 'yan sintirin gari, a sanar da ofishin kula da harkokin ɗalibai a rubuce. A ɗauki ɗan jagora daga cikin mafarautan wurin, a biya shi haƙƙinsa. Zangon ya kasance a gefen gidajen mutane, inda mai unguwa ya nuna, kada wani ya ce sai tsakiyar dawa don hoto ya fi kyau. A fara hawa da sassafe, a isa da sauran rana. Kada a sa rana da wuri a Facebook ko TikTok, hotuna su jira sai an dawo. A bar sunayen kowa da lambar iyayensa a hannun mutum biyu da ke cikin gari. Kuma idan ana gobe tafiya mutanen gari suka ce a dakata, an ga baƙin motsi, to an fasa ke nan, ba gardama, ko an riga an sayi burodi.

Lokaci ma a duba. Ruwan saman yankin nan ya fi na Kano nesa ba kusa ba, daga Afrilu zuwa Oktoba dutse santsi ne da shi, rafi kan cika cikin ɗan lokaci, ga tsawa a wuri mai tsayi. Rani ya fi, amma sanyin hunturu a saman dutse ba irin na ɗakin kwana ba ne, a riƙe bargo da rigar sanyi. Kowa ya sa takalmi rufaffe, silifas ya zauna a gida, saboda kasa da kububuwa ba su san kai ɗalibi ba ne. A kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Idan maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da igiya: a kwantar da shi, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ruwan rafi a tafasa kafin a sha. Mai asma ko sikila ko ciwon suga ya faɗa tun a gida, ya ji ta bakin likita, ba abin kunya ba ne. Wutar da aka hura a kashe ta da ruwa da ƙasa, domin a rani tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ciyawa da rumbun wani. A Matsirga kuma wanda bai iya ruwa ba ya tsaya a bakin gaɓa, kada ihun 'yan mata ya sa shi ya gwada abin da bai taɓa yi ba.

Sai ladabi. Kada a ɗauki hoton mutum ko gidansa sai an tambaye shi. Inda aka ce ba a shiga, kada a shiga, kuma kada a tsaya yi musu wa'azi a kai, ba abin da ya kai ku ke nan ba. Gonar mutane ba hanya ba ce, mangwaro da rake da kuka gani suna da mai su. Ledar ruwa da gwangwani da kuka hau da su, ku sauko da su. A riƙa wa mai masauki ɗan tsaraba, ko sabulu da sukari ne. Kalmomin raini da wasu suka saba furtawa a kan mutanen yankin nan, wanda ya san bakinsa ba zai iya riƙe su ba ya yi zamansa, tafiyar ba tasa ba ce.

Kuma bashi ne za ku ci. Idan 'yan Kagoro sun karɓe ku, zangon karatu mai zuwa ku ne za ku gayyace su Zariya a hau Kufena, ko Kano a hau Dala, su kwana a gidajenku, iyayenku su san su. Idan ba za ku iya wannan ba, to yawon buɗe ido kawai kuka je yi, kada ku kira shi zumunci.

Wanda ba zai je ba saboda iyaye sun hana, ko lafiya, ko dai zuciyarsa ba ta kwanta ba, babu laifi ko kaɗan, kuma kada wanda ya kira shi matsoraci. Rigimata da mai tura hotunan gawa ne, da wanda bai taɓa taka Kagoro ba amma yake rantsuwa da abin da mutanenta za su yi mana. Ɗan uwa, idan kana da sahihin labari na wata barazana, kawo shi da inda ka samo, masu shiri su kai wa hukuma, kowa zai gode maka. Idan kuwa ba ka da komai sai abin da ka gada na ƙiyayya, ka riƙe abinka, ka daina raba mana shi da sunan nasiha.

'Yan Kaura da ke cikinmu, ku muke jira ku yi magana a ƙasan rubutun nan: ta ina ake hawa, wa ya kamata a fara gaisarwa, kuma wane wata ya fi dacewa? Masu zagi kuma ga fili nan, amma duk wanda zai zage ni ya fara faɗa mini ranar da ya je Kagoro.

Allah ya ba mu zaman lafiya a jiharmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa.